Teku a Shagon Ejiofor

Ni tun ina budurwa na san teku, kuma a Sabon Garin Zariya na san shi, cikin shagon ɗaukar hoto na Oga Ejiofor. Faɗin tekun bai wuce tabarma biyu ba. Wani babban labule ne aka zana shi a kai aka rataye a bango: ruwa shuɗi shar, kwale-kwale a baki, coci mai ƙubba, ga gidaje sun hau kan juna har saman dutse. Duk wanda ya yi aure ko ya gama makaranta a zamaninmu, daga Palladan har Unguwar Gabas, a bakin wannan tekun ya tsaya aka ɗauke shi. Akwai mutanen da ko Kano ba su taɓa zuwa ba, amma in ka shiga falonsu za ka gan su a Turai, hannu a kwankwaso.

Wanda ya zana labulen shi ne mijina, Shekari, kafin ya zama mijina. Mutumin Zonkwa ne, sana'arsa rubuta allunan shaguna da zanen zaki a bayan manyan motoci. Wani direban kamfanin Italiyawa masu gina titi ne ya ba Ejiofor kalanda mai hoton wani gari na ƙasarsu, Ejiofor kuma ya ce wa Shekari ya kwafe masa shi da girma. Na je ɗaukar fasfo na shiga kwalejin malamai na tarar da shi zaune a kan bencin shagon, fenti har a kunne. Ya ce mini in na ƙara matsawa baya zan faɗa ruwa. Na ce masa ya riƙe wasansa, ban zo wurinsa ba. Shekara biyu bayan nan muka dawo shagon, ni da farar riga, shi da kwat ɗin aro.

Ranar, hankalina duk yana kan gwaggwarona. Wata 'yar Yarbawa ce ta ɗaura mini, ta kuma ɗaura shi da zuciya ɗaya, sai da na sunkuya kafin na shiga ƙofa. Muna tsaye Ejiofor yana gyara kyamara, Shekari ya ɗaga yatsa ya nuna can saman labulen, ta dama, bayan kaina.

"Wini, kin ga wancan ƙaramin gidan? Can zan ajiye ki."

Na waiga da ƙyar saboda kada ɗaurin ya warware, na ga wani ɗan abu kamar tafin hannu, na ce masa ya fara biyan kuɗin kwat tukuna. Ejiofor ya ce kowa ya tsaya cak. Hoton ya fito baƙi da fari, gwaggwarona ya cinye gidan sai gefen rufi da matakala biyu suka leƙo. Ba da daɗewa ba Ejiofor ya sauya labulen da wani mai jirgin sama, ban sake ganin tekun ba.

Maganar dai ta zama abin tsokanarmu har tsufa. In ya ɓata mini rai sai in ce, "To, mai gidan Turai, yaushe ne tafiyar?" Shi kuma ya ce ana gyara hanya. Mafi nisan inda bawan Allahn nan ya taɓa kai ni shi ne Jos, shi ma bikin ƙanwarsa ne. Abin da ya yi dai, ya tara ya sayi fili a Samaru, hanyar Bomo, lokacin da wurin duk gonakin dawa ne, ya gina mana gida da kaɗan kaɗan. Ya kuma nace sai an yi wata taga zagayayya kamar faifai a saman ƙofar shiga. Magina suka yi ta dariya, suka ce ba a yin haka a Zariya. Ni ma na ce ba a yi. Bai saurari kowa ba. Ta wannan tagar tsuntsaye suka riƙa shigo mini falo, ƙadangaru suka mayar da ita hanya. Ƙofar kuma duk Kirsimeti sai ya shafa mata koren fenti, in ce masa gidan ya koma kamar kemis, ya yi murmushi ya ci gaba da shafawa. Bayan ya rasu na sa aka toshe tagar da kwali, ƙofar kuma rana ta cinye launinta.

Shekara shida ke nan ina zaune ni kaɗai. Unguwar ta cika da ɗakunan hayar ɗalibai, janareta ta dama, kiɗa ta hagu. Gwiwoyina sun fara yi mini gardama, rufin ɗakin tsakiya yana yoyo. Ɗana Eric, wanda ke aiki a Abuja, ya daɗe yana bina da magana ɗaya: a sayar da gidan, in koma wurinsu. Har dillali ya kawo. Mutumin ya zagaya yana buga bango da makullin mota, ya ce mai saye zai rushe gaban ya fitar da ɗakuna, wannan ramin na sama kuma shi za a fara toshewa da bulo. Ban ji daɗin yadda ya ce rami ba, ko da yake ni ma haka nake kiransa.

Na gaji da ja, gaskiya. Na ce wa Eric na yarda, amma da sharaɗi. Na sauko da hoton aurenmu daga bango na ajiye masa a cinya.

"Babanka ya yi mini alkawarin wannan wurin, ya tafi bai cika ba. Ka kai ni in ga gidan nan da idona, in tsaya a ƙofarsa. In mun dawo ka ba dillalinka makulli."

Na faɗa ne ina zaton zai ce abin ba zai yiwu ba. Yaran zamani. Ya ɗauki hoton da wayarsa, ya latsa nan ya latsa can, kafin ruwan shayi ya tafasa ya juyo mini da wayar. Ga ƙubbar, ga gidajen, ga ruwan, da launinsu.

"Mama, Positano sunan garin. Kudancin Italiya ne. Ni ma ina da hutu ban ɗauka ba."

Wahalar biza ba zan ba da labarinta ba, don hawan jinina bai gama sauka ba. Mun dai tafi. Muka sauka a Napoli, mota ta ɗauke mu ta wata hanya da aka sassaƙa a jikin dutse, hagu dutse, dama babu komai sai Allah. Direban yana tuƙi da hannu ɗaya yana ba da labari da ɗayan. Na rufe ido na yi ta karanta Zabura a zuci, duk wadda ta zo bakina. Sai Eric ya taɓa ni ya ce in duba.

Babban ruwan da na sani a rayuwata shi ne dam ɗin jami'a da kogin Galma in ya cika. Wannan ba shi da ɗaya gefen. Abin da ya fi ba ni mamaki, yana motsi. Shekara arba'in da wani abu ina kallonsa a tsaye cak bayan kafaɗata, ban taɓa kawowa a raina cewa yana kai da komo, yana ƙara, yana da wari ba. Na ce a zuciyata, Shekari, ashe rabin labari ka ba ni.

Garin kuwa duk matakala ne. In za ka sayi burodi hawa ne, in za ka koma ɗaki hawa ne, ban san yadda suka yi ba har saukar ma hawa ce. Tsofaffinsu suna wuce ni da kwando a hannu kamar ba su da gwiwa. Baƙi kuma sun zube a bakin ruwa suna gasa kansu a rana, tufafin jikin mutum goma ba za su ɗinka mini ɗankwali ɗaya ba. Eric ya ce in daina kallo. Na ce su ne suka fara. Abincinsu ba laifi, kifin sabo ne, sai dai ba su san yaji ba, Allah ya so na zo da nawa a kwalbar man shafawa. Lemun tsaminsu ya kai kan jariri. Wata mata mai shago ta ga ina juya ɗaya a hannu ina girgiza kai, ta yi dariya ta ba ni kyauta, muka yi hira mai tsawo, ita da yarenta ni da Hausa, kuma mun fahimci juna.

Da safe muka sauka bakin ruwa da hoton. Eric ya yi ta matsawa gaba da baya, yana ɗaga hoton yana saukewa, har ya ce in zo in tsaya a nan. Na tsaya. Komai yana wurinsa. Ƙubbar cocin daidai inda take a gefen kunnen Shekari, dogon gidan nan mai baranda, layin kwale-kwale, har lanƙwasar dutsen. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya kwafe garin mutane taga bayan taga. Na ji alfahari da shi, na kuma ji kewarsa.

Sai na ɗaga ido sama, ta dama. Dutse ne tsirara, da 'yan ciyayi a tsage. Babu rufi, babu matakala.

Eric ya ce wataƙila an rushe. Akwai wani tsoho a kusa yana gyaran raga, Eric ya je ya nuna masa hoton, ya yi magana a waya, wayar ta mayar masa da yarensu. Tsohon ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ya nuna cocin ya gyaɗa kai. Ya nuna gwaggwarona ya kalle ni ya ɗaga babban yatsa. Da ya zo kan gefen rufin nan sai ya girgiza kai ya yi magana mai tsawo. Wayar ta ce a nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kuma ba a taɓa yin gida a wannan wurin ba, ko akuya ba ta iya tsayawa.

Na ce a sake tambayarsa. Aka sake. Amsar ba ta canza ba.

Na nemi wuri na zauna a kan duwatsun bakin ruwa, na cire takalmi, ruwan ya zo ya taɓa ƙafata ya koma. Sanyi ƙarara. Na yi kuka, ban kuma ɓoye ba. Haushi nake ji. Na ƙetare duniya da waɗannan gwiwoyin don in tsaya a ƙofar da aka yi mini alkawari, ashe ko ƙofar babu. Wasa ne kawai irin nasa, irin na ranar da ya ce zan faɗa ruwa, ni kuma na riƙe shi shekara da shekaru kamar wata takardar fili. Eric ya zauna kusa da ni, ya san halina. Da na gama na wanke fuska da ruwan, na gano gishirinsa ya fi na hawayen.

Sauran kwanakin na yi su yadda ake hutu. Na shiga kwale-kwale, na sha abin sanyi, na bari aka ɗauke ni hoto da hular kaba irin ta Turawa. Na sayi tsaraba. Cikin tsarabar akwai ƙaramin faranti mai hoton garin, na ce wannan na Oga Ejiofor ne in yana raye. A jirgi Eric ya ce dillali zai zo ranar Asabar, na ce to.

Ana jibi Asabar na hau keke napep zuwa Sabon Gari. Tsarabar dalili ce kawai. Faɗa nake nema, kuma tunda mai laifin ya riga ya tafi, abokinsa ya isa.

Shagon yana nan, amma yanzu ɗansa Chuks ke sayar da caja da murfin waya a ciki. Ejiofor yana baya a kan kujerar roba, kansa fari fat, rediyo a cinya. A Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Ya ɗan runtse ido, sai ya washe baki.

"A'a, amaryar Shekari. Yau wace rana?"

"Amarya da jikoki huɗu. Ina kwana, Oga. Ya ƙarfin jiki?"

Muka gaisa, muka lissafa waɗanda suka mutu, na ba shi farantinsa. Ya juya shi ya kawo kusa da ido.

"Wannan ai tekuna ne. Wa ya ba ki?"

"Daga can nake. Na je na gani. Komai yana nan, ban da gidan da abokinka ya ce zai ajiye ni. Ku biyu kun haɗa baki kun yi wa yarinya ƙarya ranar aurenta."

Ya yi dariya har da tari. Ya kira Chuks ya ce ya hau sama ya sauko da abin da ke naɗe a bayan silin. Chuks ya yi ƙunƙuni da Turancin Sabon Gari, ya ce wannan tsummar tun yaushe yake cewa a ƙone ta. Ya dai sauko da ita, muka fita tsakar gida aka warware a kan siminti. Ƙura ta tashi. Ɓeraye sun ci rabin tekun, kwale-kwale biyu sun tafi, ƙubbar ta yi tsatsa inda ruwa ya ɗiga. Shuɗin dai bai mutu ba.

Ejiofor ya miƙa sandarsa ya nuna kusurwar sama ta dama.

"Kalandar nan, a daidai wurin nan kamfanin suka buga tambarinsu, ƙato, ya rufe dutsen. Na ce masa ya shafa shuɗi kawai, sama ce, wa zai duba? Ya ce a'a. Ya kwana biyu a kan wannan ɗan wurin, ya fi daɗewa a kansa fiye da cocin."

Na durƙusa, gwiwoyin suna ƙara. Gidan bai wuce tafin hannuna ba. Rufin kwano ne, ba irin jan rufin sauran gidajen ba. Matakala a gaba. Bishiyar gwaba a gefen hagu, inda ba ruwan gwaba da wannan ƙasar. Ƙofa kore. A saman ƙofar, taga zagayayya kamar faifai.

Na daɗe a durƙushe. Gwabar ma na san ta, shi ya dasa ta da hannunsa shekarar da aka haifi Eric, a gefen hagu, bayan na ce a dama ta fi.

"Na ce masa, Shekari, wannan gidan ba ya cikin kalanda," in ji Ejiofor. "Ya ce, ai ba a gina shi ba tukuna."

Ya koma ya zauna a kujerarsa yana haki kaɗan.

"Ni na zaci kin sani. Da ya gama ginin ai ya zo ya ɗauke ni a kan babur ya kai ni na gani. Ya tsayar da ni a tsallaken hanya ya ce in duba, ya yi kama? Na ce saura teku. Ya ce wannan sai a hankali."

"Bai taɓa gaya mini ba."

"Ya ce jira yake ki gane da kanki. Ya ce ke malamar makaranta ce, ba kya son a ba ki amsa."

Na so in yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Wannan mutumin, ina tsokanarsa da gidan Turai ina tsaye a cikin gidan, da tsintsiya a hannu ina korar tsuntsayen tagarsa, shi kuma yana cewa ana gyara hanya. Ya sha dariyarsa shi kaɗai shekara talatin da wani abu. Na ji kewarsa fiye da ranar da aka binne shi.

Ejiofor ya ce in tafi da labulen in ina so. Chuks ya naɗe shi da sauri kafin uban ya canza ra'ayi, ya ɗaura mini a saman keke. Da muka iso Samaru na ce wa mai keken ya tsaya a tsallaken hanya, kada ya kai ni ƙofa. Na sauka na tsaya a gaban mai sayar da katin waya. Kullum daga ciki nake ganin gidan nan, ko in shigo da kaya a kai ina sauri. Ban tuna ranar da na tsaya daga nesa na kalle shi ba. Ga shi nan tsakanin dogayen gidajen haya biyu, rufi ya yi tsatsa, ƙofa ta koɗe, gwaba ta tsufa, kwali a zagayayyar tagarsa.

Na ciro waya na kira Eric.

"Ka gaya wa dillalinka kada ya wahalar da kansa ranar Asabar."

"Mama, me kuma ya faru? Mun yi magana fa. Kin ce in na kai ki."

"Ka kai ni, Allah ya yi maka albarka. Amma babanka ya riga ka. Tun kafin a haife ka ya ajiye ni a wurin."

Na san yana tunanin ko zafin Italiya ya taɓa ni. Na ce ya zo Asabar ɗin duk da haka, ya zo da mai gyaran rufi da galan ɗaya na koren fenti, akwai abin da zan shimfiɗa masa a tsakar gida ya gani.

Na tsallaka, na buɗe ƙofa, na jawo teburin cin abinci zuwa bakinta. Gwiwoyin suka ce ba za su hau ba, na ce yau kam za ku hau, kun hau matakalan mutane. Kwalin ya riga ya ruɓe, ja ɗaya ya biyo hannuna. Rana ta shigo ta kwanta a kan simintin falo, zagayayya. Ban ma sauko daga teburin ba na ji motsin fukafuki a kan gwabar.